Rabin da Na Goge

Litinin, 7 ga Yuli, 2025
Saura kwana goma sha ɗaya in kare aikina na digiri na biyu a gaban masu jarrabawa. Baba ya riga ya gaya wa dangi a garinmu Awe. Ya tambaye ni me nake bincike, na ce cikin ƙwayar jikin mutum akwai saƙo da ake kira RNA, akwai kuma furotin da ke ɗiga wa saƙon 'yar alama kafin a yi aiki da shi. Ni siffar furotin ɗin nake dubawa a kwamfuta. Ya ce, "To, mai buga hatimi ke nan." Na bar shi a haka.

Laraba, 9 ga Yuli
Innalillahi. Ina gyara hotunan babi na huɗu na gani. Furotin biyu ne a manne, METTL3 da METTL14. Na farkon ke sa alamar, na biyun ke tallafe shi, yana kuma taya riƙe RNA. A watan Janairu da na buɗe fayil ɗin na zaci na biyun maimaici ne, na goge shi. Wata shida ina ɗora RNA a kan rabin abu.

Alhamis, 10 ga Yuli
Ban ci komai ba sai gyaɗa.

Asabar, 12 ga Yuli
Na gaya wa Doosuur, tunda benci ɗaya muke zama a ɗakin gwaji. Ta ce, "Zuwaira, Dokta mai duba aikinki ya karanta sau biyu bai gani ba. Ki yi shiru ki wuce, abeg." Ba mugunta ba ce, tausayi ne. Mai yiwuwa ma mai jarrabawar da zai zo ba zai lura ba. To in ya lura fa? A gaban mutane? In kuma bai lura ba, sunana na kan ƙarya a laburare.

Litinin, 14 ga Yuli
Na je ƙofar Dokta Aloysius, mai duba aikina. Na tsaya. Na dawo.

Talata, 15 ga Yuli
Na shiga. Na juya masa kwamfutar kawai. Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau. Na jira faɗa. Sai ya ce, "Ni ma na sa hannu a kai." Ya ce ba zan kare ranar Juma'a ba, sai zagaye na gaba, wata uku ko fiye. Na yi kuka a bayan ɗakin gwaji.
Gaya wa Baba ya fi wuya. Ya ce, "Wani ne ya kama ki?" Na ce a'a. Ya ɗauki waya ya fita tsakar gida kiran mutanen Awe. Ban ji abin da ya ce musu ba.

Juma'a, 18 ga Yuli
Doosuur ta kare nata. Na tafa mata, da gaske. Ban jira cin abinci ba.

Litinin, 4 ga Agusta
Na mayar da METTL14. Yau RNA ɗin ya kwanta a kwarin da ke tsakanin su biyun, wurin da babu shi sam a tsohon aikina. Ina ta juya hoton har mai shara ta ce in ɗaga ƙafa.
Na kuma ga wani kuskure, ƙarami, a jadawali na uku. Na tura wa Dokta saƙo nan take, babu fargaba. Sai da keke ya kusa kai ni gida Akurba na tuna ban ko sake karanta saƙon ba kafin in tura.