Kafin Kawu Ya Kunna Na'ura

Laraba da dare, Matamaye

Na kwanta, na tashi, na sake kwanciya. Barci ya ƙi zuwa.

Duk saboda ɗan shirin da na saka wa Kawu Sale yau a na'urar shagonsa na hoto. Aikin shirin shi ne ya yi amfani da cd, umarnin shiga dosiye (ma'ajin hotuna a na'ura), ya shiga na hotunan da aka riga aka wanke, ya share su don a samu wuri. Na ce, "Kawu, sunan dosiye a haɗe za ka riƙa rubuta shi." Ya yi dariya ya ce, "To, injiniya."

Ban damu ba, don a tawa na'urar in aka ba cd kalma biyu sai ya ƙi, shirin ya tsaya. Bayan isha na duba ƙa'idar umarnin cd ɗin. Ashe suna ɗaya kawai ta sani, kalma biyu kuwa kowane tsari da yadda yake yi. Na gwada irin tsohon tsarin da ke na'urar Kawu: shiru ya ɗauki kalmar farko ya shige.

Dosiyoyinsa na gamammun hotuna kuwa kalma biyu-biyu ne, da sunan gari: "Biki Kance", "Biki Dawce". Waɗanda ba a wanke ba suna cikin "Biki" kawai, har da na auren ɗiyar Hajiya Rabi. Yana kunna na'ura shirin zai tashi, ya faɗa cikin "Biki" ya share su duka.

Wayarsa a kashe. Na kira matarsa, ta ce, "Haba ɗana, in tashe shi saboda na'ura?"

Asuba a masallacin unguwarsu zan yi ta, kafaɗa da kafaɗa da shi. Yana sallamewa zan karɓe makullin shagon.