Gorar farin zoɓo da ta dawo a cike

Zuwa ga Najaha, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, randar da ban taɓa leƙawa na tarar babu ruwa ba. Ina gaishe ki daga gidanmu na Matameye, gaisuwar da ta so ta zo da ƙafarta har gadon da kike kwance a gidan likita na Damagaram, shuka da yara suka riƙe ta.

Masoyiyata, me na yi miki? Gorar farin zoɓon da na ba Bawa direba ya kai miki ta dawo mini a cike, ko marfin ba a taɓa ba. Ya ce Inna da ke jinyarki ta rantse masa ko kunu kin daina buɗe wa baki, likita kuma ya ce magani ba ya aiki a cikin da babu komai. Wayyo Najaha! Ke da kika koya wa unguwa guda ci da sha, yau ke ake roƙo da ludayi?

Kin tuna ranar kasuwar da na fara tsayawa gabanki? Na dawo daga cin rani a Kano, ina ji da kaina, na miƙa miki lemun kwalba mai sanyi wai in burge ki. Kika dube shi, kika dube ni, kika ce iska da launi na ɗauko tun daga Kano. Sai kika zuba mini ruwan goriba a ƙoƙo, kika tura mini dambun zogale, kika ce in haɗa su a baki ɗaya in ga ikon Allah. Wallahi na gani! Goribar da nake tsallakewa a hanyar Dungu, wadda na bar wa yara da awaki, ita ta kama ni ranar, har yau kuwa ba ta sake ni ba.

Daga bakinki na san farin zoɓo, wanda masu sayarwa ke turewa gefe don ba shi da ja, shi ne abokin tsire mai yawan ƙuli, don tsaminsa na wanke maiƙo. Daga bakinki na san kunun kanwa ba ya son kowa sai ɗanwake, jiƙon tsamiya kuma waina yake jira tana zafi. Ranar da na kora tuwo da ruwan ɗinya ai sai da kika yi mini tsiya har makwabta suka ji, wai na aurar da 'yar mutane inda ba a sonta. Ina wannan bakin yanzu? Gidan ya yi shiru, ya rabin raina, tuwon kowa ƙasa yake zame mini a harshe.

To ji abin da mijinki ya koma. Na zauna gaban turmi da gemuna ina dakan goriba, matan makwabta na leƙe ta katanga suna dariya, har suka ga ba wasa nake ba suka daina. Zoɓon farko na zabga masa kanwa don in kashe tsami, ya yi duhu kamar ruwan rini, na zubar. Wanda ya dawo shi ne na biyu. Yau ruwan goriba na aiko, da dambu kaɗan a kwanonki mai murfi. Na san na cika citta. Na san ban tace da kyau ba.

Don Allah, don Annabi, ki sa Inna ta tallabe ki ki kurɓa. Ba don daɗinsa ba, hasken gidana, babu daɗin. Ki kurɓa ki yamutsa fuska, ki aiko Bawa ya faɗa mini a tsakiyar tasha, gaban kowa, cewa Munkaila bai iya komai ba. Wannan zagin nake jira fiye da yadda nake jiran ruwan sama a kan shukata. Tsoro nake ji, Najaha, tsoron da ban taɓa ji ba.

Duk ranar kasuwa za ki ga gora, har ki dawo ki ƙwace taɓaryar daga hannuna. Ƙoƙonki na nan a kife kan randa, ban bar kowa ya sha da shi ba, ba kuma zan bari ba muddin ina numfashi.

Gobe da hantsi ina tasha. Kafin in gaisa da Bawa, gorar zan fara ɗagawa in ji nauyinta.

Naki shi kaɗai, jiya da yau da abin da Allah ya rage mana,
Munkaila