Daƙiƙa Hamsin da Tara

Suleja, 6 ga Fabrairu

Yaya Asibi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki riƙa duba ƙarƙashin filonta, na san can take ɓoye maganin. Mu nan lafiya lau, Nana tana gaishe ki.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali jiya muka yi waya. Sau uku na buɗe baki zan gaya miki wata magana, sai in ji kaina ina tambayar ki zafin Zariya. Shi ya sa na rubuta na ba Saifullahi direba ya kawo miki.

Kin san shekara shida ke nan ina malamin wasanni a makarantar nan ta hanyar Chaza. Agogon auna gudu guda ɗaya muke da shi, kullum yana rataye a wuyana. Yadda na tarar ana yi, maza ake auna wa lokaci a rubuta a littafi, mata kuwa sai dai a ce wance ta ɗaya, wance ta biyu. Ranar atisaye su ne masu zuba toka a kan layi, su riƙe wa maza riguna da ruwa. Haka na tarar, haka na ci gaba, ban taɓa jin komai a raina ba.

Akwai wata yarinya a aji huɗu, Safara'u, 'yar Malam Bamalli kafinta. Siririya ce, ba ta da surutu. Makon jiya muna gwajin mita ɗari huɗu, yaro ɗaya bai zo ba, layinsa ya zama fanko. Ta ajiye bokitin toka ta roƙe ni ta shiga. Na ce ta shiga, don wallahi dariya nake so yara su yi.

Yaya, ba a yi dariyar ba. Ta wuce su duka, har da Khamis, yaron da na shekara biyu ina horarwa, wanda nake cika baki da shi a ɗakin malamai. Na danna agogo na duba: daƙiƙa hamsin da tara. Khamis bai taɓa sauka ƙasa da sittin da ɗaya ba.

Na kalli Khamis ya sunkuyar da kai, na kalli sauran suna jiran abin da zan ce. Sai kawai babban yatsana ya danna maɓallin gogewa. Na ce agogo ya sami matsala, bai ɗauka ba, kuma dai Khamis wasa yake yi. Yara suka fashe da shewa. Ita kuwa ta tsaya tana haki, ta dube ni, ta koma ta ɗauki bokitinta.

Tun daga ranar ba ta sake zuwa fili ba. Ga shi shekaranjiya takarda ta zo daga Minna, za a zaɓi 'yan tsere na makarantu, maza da mata, amma duk sunan da za a tura sai da lokacinsa a gefe. Na buɗe littafina, shafin mata shekara shida babu lamba ko ɗaya. Lamba ɗaya tak na taɓa samu, ita ma na goge ta da hannuna.

Kunya nake ji, Yaya. Ki gaya min yadda zan yi.

Ƙanenki,
Almu

Suleja, 15 ga Fabrairu

Yaya Asibi,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da Inna ta fara taka ƙafar har zaure. Allah Ya ƙara sauƙi.

Amsarki ta iso. Na zaci shafi biyu na faɗa zan gani, sai na ga layi ɗaya, kina tambaya ko na tuna shekarar da kike aji shida a firamare. Haba Yaya, da duka kika yi min da ya fi sauƙi.

Na tuna. Ranar wasannin makaranta ce, kika shiga tseren yaran unguwa kika bar ni a baya kamar an ɗaure min ƙafa, abokaina suka yi ta yi min ihu wai mace ta cinye ni. Na riga ki zuwa gida, wannan tseren kam ni na ci, na gaya wa Baba kin tattare zane kina gudu a gaban maza. Daga ranar ba ki sake gudu ba. Shekara talatin ba ki taɓa tayar da maganar ba, ni kuma na bar ta a wasan yara.

Asabar na je gidan su Safara'u. A hanya na shirya cewa tsoron abin da iyaye za su ce ne ya sa na yi abin da na yi. Ko wannan mafakar ban samu ba. Malam Bamalli ya ajiye zarto ya ce shi ya ɗinka mata dogon wando da ƙaramin hijabi na gudu, kuma kowace asuba shi ke raka ta a keke har kusa da Diko su dawo. Ya tambaye ni ko an gyara agogon, don in ba a gyara ba ya san wani mai gyara a kasuwa. Da zuciya ɗaya ya faɗa, Yaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na gaya masa gaskiya. Ya kira ta. Na sake faɗa a gabanta, har da lambar. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce ai ta sani tun a ranar, don minti biyar bayan na ce agogon ya lalace, da shi na auna wa maza mita ɗari, tana tsaye a gefena riƙe da rigunansu.

Na ce zan rubuta mata hamsin da taran a takardar Minna. Ta ƙi. Ta ce duk makaranta sun ji na ce bai ɗauka ba, in na rubuta yanzu cewa za a yi alfarma aka yi mata. Za ta sake gudu a gaban kowa, amma da sharaɗi ɗaya: ba ni zan riƙe agogo ba.

Yarinya 'yar shekara sha biyar, a gaban ubanta, cikin ladabi. Ban iya ɗaga kai ba. Na amince.

Jumma'a za a rufe karɓar sunaye. Laraba za ta yi gudun. Ana son mace ta yi ƙasa da sittin da uku, ga shi ta yi mako biyu ba ta taka fili ba saboda ni. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Almu

Suleja, 19 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. A gurguje nake rubutu, Saifullahi yana lodi.

Jiya a taron safe na tsaya gaban makaranta na ce agogo bai taɓa lalacewa ba, ƙarya na yi. Wasu malamai sun ce na zubar da girmana a gaban yara. Ban musa ba, amma ni na san ranar da ya zube.

Na cire agogon daga wuyana na miƙa wa Malama Olufunke mai koyar da lissafi. Ni na zuba tokar layi. Duk 'yan matan da ke so aka auna musu, su goma sha ɗaya, aka rubuta. Khamis da kansa ya ce zai yi gudun tare da Safara'u don ya ja ta. Ni kuma na tsaya a gefe da gorar ruwanta da silifas ɗinta a hannu.

Sittin da ɗaya ta yi. Ya isa, sunanta ya tafi Minna. Amma daƙiƙa biyun nan da suka ƙaru na san inda suka fito.

Abin da ya hana ni cin abinci jiya shi ne wannan. Da ta ƙetare layi ba ta faɗi ta huta ba, ba ta karɓi ruwa ba. Kai tsaye ta nufi Malama, ta kama agogon da hannu biyu, ta karanta lambar da idonta kafin wani ya buɗe baki. Ni na koya mata haka.

Yaya, ke ba wanda ya taɓa auna miki, kuma ba ni da wata Larabar da zan ba ki. Ki yafe min.

Ƙanenki da kika wuce a guje,
Almu