Kwanan Mota a Fayyum

Daren Asabar, Faisal

Mun dawo daga ƙauyen Fayyum. 'Yan ajinmu Misirawa suka yi hayar mota mai gado da murhu a ciki, muka kwana bakin tafki. Suna ta raha, ni kuwa sai an gama dariya nake gane abin da aka faɗa. Na ja bargona waje. Hayaƙin itace, kukan jaki, sak garinmu.

Ɗazu na kira Inna ina ba ta labari. Ta ce, "Kwanan mota a daji? Faɗa min gaskiya, mai gidan haya ne ya kore ka?"

Na ce shaƙatawa ce, Inna.

"To, da wa ka ci abinci?"

Na ce mata layin ba kyau.