Kwalbarsa a Firiza ta Uku

Litinin, 3 ga Maris
Na koma ɗakin gwaji, karo na farko tun rasuwar maigidana. Kowa sai lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Oga ya ce ranar Juma'a ta sama za a ƙona tsofaffin samfuran ɓarkewar cutar da ta kashe shi, firiza ta cika. Kwalbar samfurin maigidana na ciki. Firiza ta uku, layin ƙasa. Ni na ɗauki samfurin daga hancinsa, yana tari yana tsokanata: "Mai leƙen asirin ƙwayoyi, yau kin samu nama."

Alhamis, 6 ga Maris
Na buɗe firizar sau biyu ba dalili. Sanyin ya ƙone min yatsu.

Lahadi, 9 ga Maris
Na gaya wa Yaya zancen kwalbar. Ta ce, "Ke, abin da ya kashe shi kike ajiya? Ki ji tsoron Allah." Ba ta gane ba. Bairos, ƙwayar cutar nan, ba ya iya kwafar kansa. Zaren gadonsa, mai ɗauke da tsarin halittarsa, kawai yake shigowa da shi, sauran duk a jikin mutum yake sata. To zaren da ke kwalbar nan a ƙirjin mijina aka saƙa shi, da kayan jikinsa. Na yi mata bayanin nan har da zane a bayan kwali. Ta rungume ni kawai, ni kuwa haushi ya kama ni.

Laraba, 12 ga Maris
Na buɗe jerin haruffan zaren a kwamfuta, na bi su har idona ya yi ja. Daidai suke da na mutum goma sha wani abu da muka gwada a makon. Ko ɗigo babu nasa. Ba dariyarsa, ba rigimarsa kan gishirin miya. Na shiga banɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Juma'a, 14 ga Maris
Oga ya ce, "Malama, ki je gida, ni zan yi." Na ce a'a. Ni na ɗauka, ni zan sa a tukunyar ƙonawa. Na yi masa addu'a, shi, ba kwalbar ba. Allah Ya jiƙanka, mai tsokana.

Talata, 25 ga Maris
An zuba sababbin samfura a layin ƙasa. Sai da na rufe firizar na tuna wurin wa ne. Gobe Yaya za ta zo ɗaukar takalmansa na bakin ƙofa. Na goge su, kada ta ce ban kula da shi ba.