A Maido Mini da Matsin Dunƙulena

Zuwa ga Shugaban ofishin kula da gandun daji na yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, yallaɓai, ni ce Asabe ta Nasarawa Gwom, matar marigayi Ɗanladi mai walda. Na yi ta sintiri ofishinku har masinja ya daina tambayar sunana, kullum sai a ce kun fita. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Na farko, bari in faɗi sana'ata. Dusar katako nake kwasowa wajen masu yankan katako, wadda a da ƙona ta suke yi ko su tura kwata. Sai in haɗa da ɓawon gyaɗa, in turara a durom har ta yi baƙi, in kwaɓa da kokon rogo, in matse, in shanya. Abin da ya fito shi muke kira dunƙule. Ba ya hayaƙi, ba ya tartsatsi, ga daɗewa a murhu. Tun da kananzir ya fara yi mana wasan ɓuya, masu waina da masu ƙosan unguwarmu da shi suke suya. Da wannan baƙin hannun nawa nake ciyar da marayuna, ban taɓa ɗaga gatari a kan bishiya ba, kuma ina alfahari da haka ko a gaban wa.

Na biyu, abin da ya faru. Farkon daminar nan, wata Talata da hantsi, ma'aikatanku suka tsaya da mota a ƙofar gidana. Da suka ga baƙin abu a shanye, sai suka ce gawayi ne, in kawo takardar izinin sare itace. Na ce su nuna mini kututturen da na bari. Babbansu ya ce baƙi dai baƙi ne, in je ofis in yi bayani. Suka kwashe shanyar kaf. Wannan na haƙura, amma sai suka haɗa da matsina, ƙarfen da nake matse dunƙulen da shi.

Yallaɓai, matsin nan ba a kasuwa na saye shi ba. Maigidana ne ya ƙera shi da jak ɗin tsohuwar tifa da guntayen bututu, yana walda yana yi mini tsiya wai mata ya nema sai ya samu injiniya. Shi ne aikin ƙarshe da ya gama kafin ciwo ya kwantar da shi. Ranar da aka jefa shi bayan mota kamar ƙarfen bola, na yi kukan da ban yi ba tun bayan takaba.

Na uku, an jibge kayana a harabarku, a fili, ba ko leda. Ruwan Jos kuma ba sai na ba ku labarinsa ba, ranar har da ƙanƙara. Na leƙa ta wayar shingen na ga dunƙulena ya narke ya koma taɓo. To, gawayin itace dai ba ya narkewa a ruwa. Shaidar da aka ce in kawo, ga ta nan Allah ya saukar da ita har ƙofar ofishinku. Matsina kuwa yana kwance cikin wannan caɓin, tsatsa ta fara cin jak ɗin.

Na huɗu, maƙwabciyata Mama Rifkatu mai ƙosai ta koma sayen itace daga motocin da ke shigowa da shi ta hanyar Vom. Jiya na tarar da ita idanu jajur, tana fifita wuta tana tari. Sauran masu suya ma haka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Kuma in ba ku manta ba, bara ranar dashen itatuwa ofishinku ne ya aiko aka ari dunƙulena aka jera a tebur, aka ɗauke ni hoto kusa da ku, aka tafa mini. Hoton yana rataye bayan kujerar sakatarenku, na gan shi duk zuwan da na yi.

Roƙona kaɗan ne. A maido mini da matsina kafin tsatsa ta gama da shi. Ban nemi diyyar abin da ya narke ba, hannun da ya yi shi yana nan. In kuma yaranku na son ganin yadda ake aikin, ƙofata a buɗe take, zan ba su tabarma da ruwan sha.

Allah ya ƙara girma, ya raya muku zuriya, ya sa ku gama aiki lafiya. Dusa tana nan na tara a zaure. Itacen Mama Rifkatu kuma zai ƙare ranar Asabar, abin da za ta hura ranar Litinin yana hannunku.

Wassalam.

Asabe Ɗanladi,
Nasarawa Gwom, Jos.