Tabarmar da ke Kan Malaki

Tsibirin Savai'i, Talata

Zuwa ga ƙanena, Fasto Peniamina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan ƙafarka ta yi sauƙi. Ban riƙe ka da laifin rashin zuwa jana'izar Aleki ba, ko da yake na lura.

Tun safiyar jiya dangin Lafaele, wanda ya kashe jikana Aleki da jifar dutse bayan wasan kurket, suka zo ifoga, roƙon gafara irin na al'adarmu. Suna durƙushe a filin ƙofar gidana. Sun ajiye itace da duwatsun gashi da ganyen ayaba, wato in na ga dama in gasa su kamar aladu. A gabansu akwai mutum ɗaya lulluɓe da lallausar tabarma mai jan gashin tsuntsu, goshinsa a ƙasa. Na sa an duba. Ba Lafaele ba ne. Shi sun ɓoye shi a gonakin kan tudu har jirgin ruwan 'yan sanda ya iso daga birnin Apia. Kakansa ne, Malaki, wanda muka yi aji ɗaya da shi, mutumin da ko kare bai taɓa jifa ba.

Tun rasuwar mijina sarautar gidan nan a hannuna take, don haka ni ce zan ɗaga tabarmar in karɓi roƙonsu, ko in bar ta. Na bar ta, na kuma saukar da asabari. Ɗana Iopu da samarin gida suna bayan madafa suna wasa adduna, ban hana su ba.

Na tsufa ina koya wa yara cewa marar laifi ya mutu domin masu laifi, kuma na koyar da kyau fiye da yawancin fastocinku. Yau da aka ajiye mini abin a ƙofa, ban ga adalci a cikinsa ba. Gwiwar tsoho mai ciwon sukari ba za ta tsaya a madadin kan Aleki ba. Wanda ya yi jifar nake so ya zo ya sha ranar nan da kansa. Ba shawara nake nema ba. Ka nuna mini inda hujjata ta karkace, in ta karkace.

Yayarka,
Fuatino

*

Yaya Fuatino,

Gaisuwa mai yawa, da ta'aziyya kuma. Direban bas ya miƙo mini takardarki yana cewa ta ƙona masa hannu. Ƙafa tana nan, ita ke mulkin gidan.

Kin ce ba shawara kike nema ba. Ai tun ina yaro ban taɓa samun ranar ba ki ita ba. Hujjarki ba ta karkace ba, Yaya. Zalunci ne a kamo marar laifi a danne shi. To amma wa ya kamo Malaki? Almasihu ma ba fin ƙarfinsa aka yi ba, shi ya shiga tsakaninmu da abin da zunubinmu ya jawo mana.

Abin da ba mu cika faɗa wa yara ba shi ne, mai ɗaga tabarma ma yana biya. Ranar da kika ɗaga, kin haɗiye haƙƙinki ke nan, Aleki kuma ba zai dawo ba. Uban da ya karɓe mu, shi ma Ɗa ya bayar. Ba zan ce miki da sauƙi ba.

Amma zancen addunan nan ya hana ni cin abinci. Ki fita ki yi magana da Malaki kafin Iopu ya riga ki.

Ƙanenki mai yi miki addu'a,
Peniamina

*

Alhamis

Zuwa ga Peniamina,

Bayan gaisuwa, na sami takardarka. Na fita, ba don ka ce ba, sai don ɗaya daga matansu ta suma.

Rana tana tsaka, duwatsun filin suna ƙuna har ta cikin takalmina. Na tsaya a kansa, ban taɓa tabarmar ba. Na ce, "Malaki, tashi ka koma gida. Ka aiko mini mai laifin."

Muryarsa ta fito daga ƙarƙashi a dushe. "Malama, har yanzu ke ce mai ba da umarni a aji?"

"Har yanzu kai ne marar fahimta. Me ka yi mini da za ka mutu a ƙofata?"

"Ban yi komai ba. Shi ya sa na isa zuwa. In na kawo miki Lafaele, ba zai kai nan da rai ba, ke ma kin sani. Kunnena a ƙasa yake, ina jin abin da ake wasawa a bayan madafarki."

Na ce masa wannan ba ruwansa.

Ya ce, "Da ruwana. Hanyar tudu ta kaina ta bi. Muddin ina nan, sai Iopu ya tsallake ni. Ran da ya tsallake, ke za ki zo ƙofata ƙarƙashin tabarma saboda shi, kuma gwiwoyinki sun fi nawa lalacewa, Fuatino. Ba don jikana kaɗai nake durƙushe ba."

Na dubi ƙasa. Ƙafafunsa da suka leƙo ta gefen tabarmar sun kumbura, fatar ta tsage, ƙudaje sun gano wurin.

Da na juyo, Iopu yana tsaye a bakin gida da adda. Ya ce, "Mama, kada ki ɗaga. Ɗana ne. Ni na wanke masa jinin da ke kansa." Na dube shi na ga mahaifin da ba zan iya ce masa ya yi kuskure ba. Ya ce in rana ta faɗi tabarmar tana nan, zai ɗauka na ba shi izini. In kuwa na ɗaga, zai ɗauka na sayar da Aleki. Ko ta ina na bi, akwai ɗan da zan rasa.

Inuwar gidan ta fara isa filin. Bas yana jira, dole in rufe.

Fuatino

*

Juma'a

Peniamina, ƙanena,

Gaisuwa. Na ɗaga. Ban san tabarma tana da nauyi haka ba.

Malaki ya kasa miƙewa. Na kira Iopu a gaban kowa na ce ya ɗauko tsohon ya shigar da shi inuwa. Ya daɗe yana kallona. Amma ba a ɗaukar mutum da hannu ɗaya, sai da ya ajiye addar. Har yanzu bai yi mini magana ba.

Itacen da suka kawo, da shi aka dafa wa gidajen biyu abinci.

Kada ka ce na yafe. Ban kai can ba tukuna. Kada kuma ka sa ni cikin wa'azinka. Ka aiko da man nan da kake shafa wa ƙafarka, Malaki yana buƙatarsa.

Yayarka,
Fuatino